Garkar Arewa da Lambun Duwatsu na Kiyoto: Wata Matsalar Fassara

Mai ziyarar wurin ibada na Ryoan-ji a birnin Kiyoto na ƙasar Japan yakan tuɓe takalmi, ya zauna a barandar katako ta tsohon ginin, ya fuskanci wani fili mai tsawon kimanin mita 25 da faɗin mita 10. Babu itace a cikinsa, babu fure, babu ruwa. Farar tsakuwa ce a shimfiɗe, ana ja mata layi da manjagara, sai duwatsu 15 da aka ajiye rukuni biyar. Duk inda mutum ya zauna a barandar, ba ya ganinsu duka a lokaci guda. An kafa wurin a 1450, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1994. Japanawa na kiran irin wannan fili karesansui: kare bushewa, san tsauni, sui ruwa.

To, me Bahaushe zai kira shi? Ɗalibin da ya tarar da kalmar jardin a littafin Faransanci zai yi saurin rubuta garka, in Bakano ne ya ce lambu. Amma a Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri, garka wuri ne da ake killacewa cikin Dallol Mauri, inda ruwa ke kusa, a gina rijiya, a noma dankalin turawa, albasa, tumatir ko rake. Ban ruwa da amfanin gona suna cikin ma'anar kalmar. Garkar da ba shuka, a kunnen Ba'are, garka ce da aka yasar. Farfajiya ta fi kusa da siffar wurin, sai dai ita ana ratsa ta, ana zama a cikinta, alhali tsakuwar Ryoan-ji baƙo ba ya taka ta. "Lambun kallo" ya fi dacewa, domin yana shaida wa mai karatu cewa ido kaɗai ke cin moriyarsa.

A wuri guda kuma Hausa ta fi Faransanci sauƙin aiki. Ƙaramin dutsen da ke cikin tsakuwar yana wakiltar tsauni ne, abin da Faransanci ke rabawa da pierre da montagne. Kalmar dutse, wadda Arawa ke furtawa dutsi, tana ɗaukar na niƙa da kuma wanda ya ba garin Dogon Dutsi sunansa.