Rubuce-rubucen Haƙƙin Mata da Aikin Malamin Makaranta: Darasi daga Dareta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna amfanin da malamin makarantar ƙauye zai samu idan ya lizimci karanta rubuce-rubucen da aka yi a kan halin zaman mata da haƙƙoƙinsu. Abin nufi a nan shi ne zube wanda ba ƙagagge ba, watau tarihin rayuwa da rahoton bincike da littattafan wa'azi da makamantansu. An ɗauki Dareta, wani ƙauye a ƙasar Anka ta Jihar Zamfara, don ya zama abin misali, saboda annobar gubar dalma da ta auka masa a shekarar 2010 ta fito da abubuwa da dama waɗanda waɗannan littattafai suka daɗe suna faɗa.

2.0 Asalin irin wannan rubutu a ƙasar Hausa

Sau da yawa idan aka ambaci haƙƙin mata sai wasu su ɗaure fuska, su ce ai baƙuwar magana ce daga Turai. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Wajen shekarar 1786 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shiga ƙasar Zamfara, ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi, mata kuwa suna halartar majalisinsa. Da wani malami ya soki wannan al'amari, Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya mayar masa da amsa, kamar yadda ya kawo a cikin Tazyinul Waraƙati, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake tsoro muni. Haka nan a cikin Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da wannan ra'ayi aiki. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda takan naɗa jajjai, ta ɗora musu malfa, su kuma su riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma da karatu su isar wa matan aure da ba su iya fita. Jean Boyd ta buga tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997.

A ƙarni na 20 an sami wani rukuni na littattafai. Akwai labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Akwai binciken Polly Hill a Ɓatagarawa kusa da Katsina, wanda ya bayyana irin cinikin hatsi da abinci da matan kulle ke yi daga cikin gida, cinikin da ba ya shiga lissafin kowace hukuma. Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano yadda tallar yara ta zama ƙafar da matan kulle ke zuwa kasuwa da ita. Daɗin daɗawa, a 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifar da ƙungiyar WIN, mai ra'ayin cewa talauci da danniyar mata tare suke tafiya, tare kuma ya kamata a yi nazarinsu. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, wadda ta ba ilmin mata muhimmanci ƙwarai.

Abu uku ne suka haɗa waɗannan rubuce-rubuce. Na farko, mace tana aikin da ke riƙe gida amma ba a ganinsa. Na biyu, ilmin da ya tsaya a zaure bai isa cikin gida ba. Na uku, makomar yaro tana ɗaure da sana'ar uwarsa.

3.0 Abin da ya faru a Dareta

Bayan 2008 farashin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, sai manoman ƙasar Anka da Bukkuyum suka ƙara dukufa wajen haƙa. Dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. Maza ke shiga rami, amma a gida ake fasa dutsen, a daka shi a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar da ke tashi ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, wanda ba ya rabuwa da baki.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yawan mace-macen yara masu farfaɗiya wadda maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi wa komai. Gwajin jini ya tabbatar da gubar dalma ce. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta bi gida gida a Dareta da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, ta tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, watau kashi 25 cikin 100. Daga waɗanda aka gwada kuma, kashi 97 cikin 100 dalmar jininsu ta kai matsayin da likita ke fara ba da magani. Kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen a cikinsu ake sarrafa dutsen. Binciken ya kuma nuna cewa yaron da uwarsa ke wannan aiki ya fi shiga haɗarin mutuwa. An ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin baki ɗaya sun kai 400.

An kankare ƙasar gidajen Dareta da 'Yargalma a 2010, aka zuba sabuwa. Aka bi da Abare da Sunke da Tungar Guru da Tungar Daji da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta, bayan matasa masu fafitika da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun matsa wa Gwamnatin Tarayya lamba ta saki kuɗi.

Mai sauraro zai ga cewa abubuwa ukun nan da aka ambata duk sun bayyana. Dakan dutse sana'ar cikin gida ce irin wadda Polly Hill ta bayyana, turmin gero ne kawai ya koma na zinariya. Ba laifin uwa ba ne, domin ba wanda ya gaya mata abin da ke cikin ƙurar, kuma abin da take samu shi ke sayen cefane. Da gargaɗi ya zo, sai da aka nemi hanyar da zai ratsa zaure ya isa ga matan da ke riƙe da taɓarya. Wannan ita ce matsalar da Asma'u ta warware da jajjai tun ƙarni na 19.

4.0 Malami a cikin aji

Ina ruwan malamin firamare da duk wannan? Ruwansa na farko shi ne ɗalibin da ke gabansa. Likitoci sun tabbatar cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta rage masa fahimta da natsuwa, wani lokaci har da ji, kuma magani yana rage ta a jini ne, ba ya mayar da abin da ya lalace. Tana kuma kwanciya cikin ƙashi, ta ratsa daga mai ciki zuwa ɗan tayi. 'Yan matan da suka sha wannan guba suna goye a 2010 sun kai shekarun aure, saboda haka maganar ba ta wuce ba. Malamin da bai san haka ba zai kira yaro daƙiƙi, ya sa masa bulala. Wanda ya sani zai zaunar da shi a gaba, ya gajarta masa darasi, ya maimaita, ya kuma shawarci iyaye su kai shi asibiti.

Na biyu shi ne rajista. Idan yarinya ta yi fashin makaranta ranar kasuwa, malami yakan rubuta ba ta zo ba, shi ke nan. Wanda ya karanta binciken Schildkrout zai gane cewa tallar nan jarin uwa ce, daga cikinta ake tara kayan ɗaki. Faɗa ba ya raba yarinya da faranti. Abin da ke yi shi ne a zauna da iyaye mata a daidaita lokaci, ta yi karatu da safe ta yi talla da yamma, kafin a kai ga abin da ya fi haka.

Na uku shi ne tsaro. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talatar Mafara, daga baya a cikin shekarar aka rufe makarantun jihar na wani lokaci. A irin wannan hali 'ya mace ake fara cirewa daga makaranta, ita ce kuma ta ƙarshen komawa. Uban da ya riƙe 'yarsa a gida saboda tsoro yana da hujja, don haka wajibi ne a nemi hanyar da karatu zai bi ta har gida.

5.0 Shawarwari

Kwalejojin horon malamai, irin su na Maru da Gusau, ya dace su sa waɗannan littattafai cikin manhajarsu, a fara da na Shehu da Asma'u, domin su ne iyaye ba za su yi wa kallon baƙi ba. Sassan Hausa na jami'o'i kuma su fassara rahotannin gubar dalma cikin Hausa mai sauƙi, a boko da ajami, tun da yawancinsu da Ingilishi aka rubuta su, waɗanda abin ya shafa ba su taɓa ganinsu ba. Haka kuma a ɗauki malamai mata 'yan asalin Anka da Gummi da Bukkuyum, a haɗa su da malaman Islamiyya mata da unguwarzoma, su riƙa shiga gidaje da darasin karatu da na tsabta: wanke hannun yaro kafin ci, raba turmin abinci da na dutse, da barin tufafin haƙa a bakin rami.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa rubutu a kan haƙƙin mata yana da tushe a ƙasar Zamfara tun zamanin Shehu, kuma annobar Dareta ta gaskata abin da masu bincike suka faɗa game da aikin mata na cikin gida. Adalci a wurin malami yana farawa ne daga yadda ya fassara fashin yarinya da jinkirin fahimtar yaro. Saura ga mahalarta wannan taro su duba wanda zai ɗauki nauyin fassara, da kwalejin da za ta fara gwada manhajar.