Karatun aikin jirgin ruwa: ina ɗan Nijar zai je, me zai tarar a can?

Nijar ba ta da teku, amma shinkafa, mai, magani da kayan shago da muke saye a Maradi, Damagaram ko Tawa, yawancinsu ta jirgin ruwa suke zuwa. Su sauka a tashar Kwatano ko Lome, sannan manyan motoci su yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye da su. Tun 2024 kuma ɗanyen man Agadem ta bututu yake zuwa Seme, a Benin, a yi lodinsa cikin jirgi. Ke nan aikin teku ya shafe mu.

Makarantar da ta fi dacewa da mai karatun Faransanci ita ce ARSTM, a unguwar Yopougon ta birnin Abijan, ƙasar Kodibuwa. An buɗe ta a 1987, kuma ta gwamnatoci ce: ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci suka haɗa hannu a kanta, har da waɗanda ba su da teku, irin Nijar. Masu Ingilishi suna da tasu a Accra, ƙasar Gana.

Bayan bak, hanya biyu ce. Ta farko ta masu shiga teku: ko tuƙin jirgi, ko kula da injinsa. Nan sai mai ƙarfi a lissafi da kimiyya. Ta biyu ta masu aiki a tudu: tsarin tashar jirage, fito da kaya daga duwan, inshora da jigila har kaya su kai hannun mai su.

Rayuwar ɗalibi ba irin ta jami'a ba ce. Akwai kayan sarki, akwai horo, akwai kiyaye lokaci, domin a tsakiyar teku sakacin mutum ɗaya yana iya halaka kowa. Mai son shiga jirgi dole ya koyi kashe gobara, taimakon gaggawa da yadda ake tsira in jirgi ya nutse. Likita zai duba ji da gani. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai yi tuƙi ba, don da fitilu masu launi jirage ke gane juna da dare. Ingilishi ma tilas ne, shi ne harshen aiki a teku.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yarjejeniyar duniya ta STCW, wadda aka ƙulla a 1978, ta ce kafin ɗalibin tuƙi ya samu takardar zama jami'in jirgi sai ya yi aƙalla wata 12 yana horo cikin teku. Ƙasashen yankinmu ba su da jirage da yawa, shi ya sa matasa ke gama karatu su zauna jiran wuri a jirgi. In babu wannan horo, diplom kaɗai ba ya ba da aiki.

Don haka, iyaye da ƴan uwa na waje masu turo kuɗin karatu, kafin a sayar da sa ko gona, a tambayi makaranta kai tsaye: wa ke nema wa ɗalibi jirgin horo? Kuɗin makaranta ya haɗa da kwana da abinci? A guji dillalai masu alƙawarin wuri. Kuma a duba hanya ta biyu da kyau, domin da ita yaro zai iya dawowa ya yi aiki a Gaya, Maradi ko Yamai, kusa da gida.