Yawon Sallah A Bazara: Yadda Za Ku Kai Yara Wurin Wasa Ku Dawo Lafiya

A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a tsakiyar bazara: a 2024 cikin Afrilu, a 2025 kuma ƙarshen Maris. Wannan shi ne lokacin da zafi a yankinmu na Suleja da Abuja yake kai maki 37 zuwa 38 a ma'aunin Salsiyas, kuma shi ne lokacin da yara ke matsa wa iyaye sai an kai su lilo. Wasu su nufi Magic Land da ke kusa da ƙofar shiga Abuja, wasu Millennium Park ko gidan namun daji na yara da ke Asokoro, wasu kuma gindin Dutsen Zuma ko Gurara.

Washegarin wata Sallah, wata uwa ta shigo shagona da yamma ɗauke da ɗanta mai shekara biyar, ya yi laushi, jikinsa zafi rau. Ta ce in ba ta maganin maleriya. Da na tambaya, sai ta ce tun ƙarfe sha ɗaya suke wani wurin wasa har la'asar, yaron na cikin shadda da hula, kuma lemon kwalba ɗaya kawai ya sha. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, na ce su wuce asibiti nan take. Gwaji ya nuna ba maleriya ba ce, rana ce ta buge shi. Allah ya taƙaita, ya warke.

Jikin ɗan Adam yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi. Idan ruwan jiki ya ƙare, gumi ya ragu, sai zafin ciki ya riƙa hawa. Yaro ya fi babba saurin shiga wannan hali, domin jikinsa ƙarami ne, kuma idan wasa ya yi daɗi ba zai ce yana jin ƙishi ba. Ko manya ba su tsira ba: a aikin Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasari saboda tsananin zafi.

Shiri daga gida yake farawa. Ku fita da sassafe ku dawo kafin rana ta take, ko ku bari sai bayan la'asar. Tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 4 ba lokacin tsayuwa a layin lilo ba ne. Kwalliyar Sallah ta tsaya wa hoto da gaisuwar dangi. Wurin wasa a sa wa yara tufafin auduga marasa nauyi masu haske, da hula mai baki. Ke ma uwa, zaɓi hijabi marar kauri, ki riƙe lema.

Ku tafi da ruwanku a kula, ku ƙiyasta aƙalla leda huɗu ga kowane mutum, har da na cunkoson Madalla da Zuba. A riƙa ba yara 'yan kurɓi duk bayan minti ashirin, ba sai sun nema ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Kankana, lemon zaƙi, kokwamba da zoɓon gida marar sukari da yawa sun fi. Ku yi hattara da ƙanƙarar da ba ku san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada a gudu daga zafi a faɗa wa amai da gudawa. Fitsari ma'auni ne mai sauƙi: idan ya yi ja, ko yaro ya wuni bai yi ba, ruwa bai ishe shi ba. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono kawai za a ƙara masa, ba ruwa ba.

Kafin yaro ya hau lilo ko sulun ƙarfe, taɓa da hannunka, domin ƙarfen da ya sha rana yana ƙona fata. Kada a bar yaro a cikin mota ko da na minti biyar ne, ko da an sauke gilashi kaɗan. Zafin cikin mota na iya ƙaruwa da kusan maki 10 cikin minti goma.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar aikina. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, suna rage ruwan jiki, don haka kaka ko baba mai shan su ya zauna a inuwa da ruwa kusa da shi. Kada ya daina sha don zai fita, sai da shawarar likita. Maganin mura irin su Piriton yana sa barci, yana iya rage gumi, kuma barcin zai iya ɓoye muku cewa yaro ya galabaita. Mai ciwon sukari ya sa insulin a kula naɗe da tsumma, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Yawancin magunguna ana son ajiye su ƙasa da maki 30, saboda haka aljihun mota ba wurin ajiyarsu ba ne, har da abin shaƙa na masu asma. Yaro mai sikila kuwa ya fi kowa bukatar ruwa, domin rashinsa na tayar da ciwon.

Alamun farko su ne gumi mai yawa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Da kun ga haka, a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita. A ba shi ORS, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Idan rabin awa ta wuce bai farfaɗo ba, sai asibiti.

Idan kuwa ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya suma, ko yana jijjiga, abin ya zama na gaggawa. A kwarara masa ruwa mai sanyi, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a garzaya asibiti mafi kusa ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, ɓata lokaci ne kawai.

Ƙunshin ORS biyu a jaka ba su kai kuɗin hawa lilo ɗaya ba. Ku saya tun kafin ranar. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya tsare mana zuri'a.