Yadda Tsoka Ke Gyara Kanta, da Lokacin da Take Neman Asibiti

Ɗan'uwa mai karatu, ka san riɗi ba ya jira. Idan ya nuna a gonakin Gadarif, wajen watan Oktoba, dole a yanke shi da lauje kafin kwanso ya fashe. Sai ka wuni a duƙe cikin rana, washegari ka tashi cinyoyi da kafaɗu suna ciwo. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya tafi. Me ya gyara ka?

Tsoka zaruruwa ce sirara, jere kamar zaren saƙa. A gefen kowane zare akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kwance kamar masu barci. Wani masani, Alexander Mauro, ya bayyana su a 1961. Idan zare ya tsage saboda aiki ko rauni, sai su farka, su yi ta rabuwa suna yawa. Daga nan su daina rabuwa, su manne da juna, su zama sabon zare.

Amma sabon zare ba ya aiki sai ya sami kayan aiki. A 1987, a Amurka, Harold Weintraub da abokan aikinsa suka gano wani furotin da ake kira MyoD. Shi ne kamar sarkin noma a ranar gayya: shi ke ba da umarni a fara haɗa sinadaran da tsoka ke buƙata. Ɗaya daga cikinsu shi ne CK, wanda ke kawo wa tsoka ƙarfi nan take idan ka ɗaga buhu. Muddin ƙwayoyin suna rabuwa, ba sa yin CK irin na tsoka sosai. Sai sun natsu sun haɗu yake yawaita. Wannan aiki yana ɗaukar kwanaki, babban rauni kuwa makonni. Shi ya sa muke ce maka ka huta, ka ci wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko madara. Ba a gini babu tubali.

Wurin zaman CK cikin tsoka ne. Idan tsoka mai yawa ta lalace lokaci ɗaya, sai ya malalo cikin jini tare da sinadarin da ke sa nama ja. Wannan jan sinadari yana iya toshe ƙoda. Abubuwan da ke jawo haka sun haɗa da aiki mai tsanani cikin zafi ba tare da shan ruwa ba, dūka, danne mutum da mota ko gini ya yi, da doguwar farfaɗiya.

Ka lura da alamu uku:

Ciwon tsoka mai tsanani, ko kumburi.
Kasala har ka kasa ɗaga hannu ko ƙafa.
Fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai.

Idan ka ga haka, kada ka jira gobe. Ka bar aikin, ka sha ruwa, a kawo ka asibiti. Kada ka sha diclofenac ko ibuprofen, domin suna ƙara wa ƙoda wahala. Zazzaɓin cizon sauro, shawara da tsargiya su ma suna sauya launin fitsari, don haka sai an gwada jini da fitsari za a san gaskiya. Idan CK ya ninka adadin da aka saba sau 5 ko fiye, likita zai zargi lalacewar tsoka. Babban magani shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, kuma da wuri yake ceton ƙoda.

Kai ma mai gona, ka ajiye wa masu yanka ruwa a bakin gona, ka bar su su huta a inuwa idan rana ta take. Sabon ɗan ƙwadago ya fara a hankali kwanakin farko. Tsoka tana da masu gyaranta a jikinta, amma idan ƙoda ta tsaya, sai injin wankin ƙoda.