Aiki a intanet, zama a ƙasar mutane: biza da haraji ga waɗanda suka baro Khartum da Omdurman

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, iyalai da dama na Khartum, Omdurman da Bahri sun dogara ne da ɗa ko 'ya guda mai kwamfuta. Wani yana yi wa kamfanin waje fassara tsakanin Larabci, Hausa da Turanci, wata tana zanen talla, wani yana karantar da Alƙur'ani ta Zoom. Kuɗin ya shigo, a tura wa na gida ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum, a sayi gari da magani.

Da yawa daga cikin masu irin wannan aiki yanzu ba sa Sudan. Suna Alƙahira, Jidda, Dubai, Kampala, wasu ma Kano. To a nan ne ake yawan yin kuskure ɗaya: mutum ya ɗauka tunda mai biyansa yana Turai ko Amurka, ƙasar da yake zaune ba ruwanta da shi. Ai kuwa da ruwanta, ta hanya biyu: takardar zama da haraji.

Izinin shiga daban, izinin aiki daban

A yawancin ƙasashe, bizar ziyara ko ta umara izinin shigowa ce kawai na ɗan lokaci. Igama, wato takardar zama, ita ma ba kullum take haɗawa da izinin aiki ba.

Masar ce misali mafi kusa. Yarjejeniyar 'yanci huɗu ta 2004 ta ba 'yan ƙasashen biyu damar zirga-zirga, zama, aiki da mallakar dukiya, kuma da farko mata, yara da dattawa kan shiga ba tare da biza ba. Daga 10 ga Yuni, 2023, Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan. A watan Agustan shekarar kuma ta umarci baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba su gyara takardunsu, da biyan dala 1,000. Wanda ya yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya yakan sami kati mai ruwan ɗorawa, wanda da shi ake neman igama, amma katin ba lasisin aiki ba ne.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da biza ta musamman ga mai yi wa kamfanin waje aiki daga nesa. Ta shekara guda ce, kuma sai ka nuna shaidar aikin, inshorar lafiya, da kuɗin shiga na aƙalla dala 3,500 a wata. Gaskiyar magana, kaɗan ne daga cikin matasanmu ke samun haka. Kenya ma ta sanar da irin wannan izini a watan Oktoban 2024. A Uganda kuwa, dokar 'yan gudun hijira ta 2006 ta ba wanda aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira damar yin aiki, kuma hakan na cikin abin da ya ja 'yan Sudan zuwa Kampala.

Lissafin kwana 183

Haraji ba ya tambayar launin fasfonka, yana tambayar inda ka kwana. Ƙasashe da yawa suna bin ƙa'idar kwana 183: in ka wuce haka a ƙasar cikin wata goma sha biyu, ka zama mazauni a idon hukumar haraji. Haka dokar harajin kuɗin shiga ta Masar mai lamba 91 ta 2005 ta tanada, kuma aikin da ka yi kana zaune a Masar ana lissafa shi a matsayin kuɗin da aka samu a Masar, ko da daga waje aka biya ka.

A ɗauki misalin mai fassarar da ya baro Omdurman a watan Mayu ya sauka Alƙahira. Kafin Disamba ya riga ya haye kwana 183, ko ya sani ko bai sani ba. Ranar da banki ya tambaye shi asalin dalolin da ke shigo masa, ko ya je sabunta igama, a nan ne rashin takardu zai fito fili.

Saudiyya da Daular Larabawa ba sa karɓar haraji a kan albashi. Sai dai tun 2023 Daular ta kafa harajin kamfanoni na kashi 9 cikin 100, wanda ke iya hawa kan mutum mai zaman kansa idan cinikinsa ya haura dirhami miliyan ɗaya a shekara.

Kano gida ce, amma takarda ba ta jin Hausa

Ga Bahaushen Sudan akwai wani tarko na daban. Kakanninsa wataƙila sun taho ne ta hanyar aikin hajji, ko sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Yana da dangi a Kano ko Sakkwato, Hausarsa garau. Amma in fasfon Sudan ne a hannunsa, baƙo ne a dokar Najeriya. Sudan ba ta cikin ECOWAS, don haka sai da biza, kuma dogon zama sai da katin zama na baƙi da ake kira CERPAC.

Sabuwar dokar harajin Najeriya ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta ɗora wa mazaunin ƙasar haraji a kan duk abin da ya samu, har da na waje, in ban da naira 800,000 na farko a shekara. Wannan ya shafi har ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Khartum a 2023, irin na Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, waɗanda suka koma gida suna yi wa kamfanonin waje aiki.

Gida ma yana da nasa lissafin

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, mutane suna ta komawa, wasu a jirgin ƙasa na kyauta daga Alƙahira zuwa Aswan. Mai komawa ya tuna cewa Sudan tana da Diwanin Haraji, tana da hukumar kula da 'yan ƙasa masu aiki a waje, wadda aka fi sani da Jihazul Mugtaribin, sannan ga Diwanin Zakka. A Sudan zakka doka ce ta hukuma, kuma dokar 2001 ta haɗa da albashi da kuɗin sana'a idan sun kai nisabi. Wanda ke da fayil a hukumar 'yan gudun hijira kuma ya rufe shi bisa ƙa'ida kafin ya taso, kada abin ya zame masa matsala nan gaba.

Abin da ya kamata ka riƙe

Rubuta ranar shigarka da fitarka a kowace ƙasa, ka ɗauki hoton hatiman fasfo. Ka nemi rubutacciyar yarjejeniya daga mai ba ka aiki, ka adana rasit na kowane biya. In ka biya haraji a wata ƙasa, karɓi takardar shaida. Da ita ake neman kada a caje ka sau biyu inda akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen. Kada ka karɓi kuɗinka ta asusun wani don gudun tambaya, domin ranar da aka rufe asusun ba ka da hujja. Dillalin da ya ce zai samo maka igama cikin kwana biyu, ka yi nesa da shi. Kafin ka cika wata shida a wuri, ka zauna da akanta ko lauya na ƙasar, ko da sau ɗaya ne.

Tarar wuce wa'adi, kulle asusu ko kora daga ƙasa ba kai kaɗai za su taɓa ba, ɗan'uwa. Akwai gida guda a Omdurman da ke jiran saƙon Bankak a ƙarshen wata.