Ra'ayoyin 'Yan Kallo Game da Jigon Ramuwar Gayya a Wani Fim ɗin Kaboyi na Italiya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin finafinan kaboyi da aka shirya a ƙasar Italiya, da wuya a sami wanda ya raba kan 'yan kallo kamar C'era una volta il West na Sergio Leone (1929-1989), wanda aka fara nunawa a watan Disamba na 1968. A ƙasashen da ke amfani da Ingilishi an san shi da sunan Once Upon a Time in the West. Fim ɗin bai yi kasuwa a Amurka ba, alhali kuwa a Faransa da Jamus ta Yamma miliyoyin mutane ne suka yi tururuwar kallonsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilan wannan saɓani, ta kuma nuna cewa galibinsu suna komawa ga abu guda, watau yadda aka jinkirta ramuwar gayyar da labarin ya ginu a kanta.

2.0 Matsayin Fim ɗin

Kafin 1968, Leone ya riga ya yi suna da finafinai uku da ya fitar a 1964 da 1965 da 1966, waɗanda Clint Eastwood ya zama tauraronsu. Masu sharhi na Amurka sun laƙaba wa irin waɗannan finafinai sunan "kaboyin taliya" don ba'a, domin a ganinsu labarin yammacin Amurka ba na Italiyawa ba ne. Ramuwar gayya ita ce jigon da ya fi yawa a cikinsu, kuma 'yan kallo sun saba da tsarinta: a nuna zaluncin da wuri, a bi sawun azzalumi, bindiga ta yi ta tashi har zuwa ƙarshe. Da wannan tsammani jama'a suka shiga kallon sabon fim ɗin, wanda kamfanin Paramount na Amurka ya zuba wa kuɗi, aka kuma ɗauke shi a birnin Rum da yankin Almeriya na ƙasar Sifen da kwarin Monument Valley na Amurka.

3.0 Labarin a Taƙaice

Wani Ba'ailande mai suna McBain ya sayi fili a hamada, domin ya gane cewa a nan kaɗai ruwa yake, kuma jirgin ƙasa mai aiki da tururi ba ya tafiya sai da ruwa. Morton, mai kamfanin jirgin, ya tura ɗan bindigarsa Frank don ya tsorata shi, sai Frank ya kashe shi tare da 'ya'yansa uku, ya kuma ɗora laifin a kan wani ɗan fashi mai suna Cheyenne. Gādon filin ya faɗa hannun Jill, amaryar McBain, wadda ta iso a ranar kisan. A gefe guda kuma akwai wani baƙo marar suna, mai busa wata 'yar sarewar ƙarfe da ake kira hamonika, wanda ke bin Frank. Duk lokacin da Frank ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ambaci sunayen mutanen da Frank ya kashe. Sai a karon ƙarshe ake nuna dalilinsa: tun yana yaro Frank ya tsayar da yayansa a kan kafaɗunsa da igiya a wuya, ya cusa wa yaron sarewar a baki, har ƙarfinsa ya ƙare ya faɗi, yayan ya rataye. Bayan baƙon ya harbe Frank, sai ya mayar masa da sarewar a baki.

4.0 Inda Ra'ayoyi Suka Saɓa

4.1 Jinkirin Labari

Babban ƙorafin waɗanda fim ɗin bai gamsar ba shi ne nawa. Tsawonsa ya kai kimanin minti 165. Farkonsa kaɗai ya ci kimanin minti 10 ana kallon 'yan bindiga uku suna jiran jirgi a tasha, ba abin da ake ji sai ƙarar injin iska da ɗigar ruwa a kan hula da kukan ƙuda. Mai sharhi Roger Ebert ya ba shi tauraro biyu da rabi cikin huɗu a 1969, yana mai kukan tsawonsa. Masu yabon fim ɗin kuwa, wannan jinkiri shi ne abin da suka fi so. Hujjarsu ita ce, da an bayyana dalilin baƙon tun farko, da ɗan kallo ya zama mai jiran hukunci kawai. Da aka ɓoye shi, sai ya zama yana cikin duhu ɗaya da Frank, kuma lokaci guda gaskiya ta bayyana gare su. Kiɗan Ennio Morricone ya taimaka wajen riƙe wannan jira, domin an tsara shi tun kafin a fara ɗaukar hoto, aka ware wa kowane babban ɗan wasa nasa taken. Muryar sarewar ita ke tuna wa mai kallo cewa akwai bashin da ba a biya ba.

4.2 Fuskar Azzalumi

Henry Fonda ne ya fito a matsayin Frank. Amurkawa sun san shi a matsayin mutumin kirki, wanda ya fito a matsayin Abraham Lincoln a 1939, da kuma mai tsayawa kan gaskiya a fim ɗin 12 Angry Men na 1957. Da gangan Leone ya zaɓe shi, domin a ga wannan fuska da aka amince da ita tana harbin ƙaramin yaro. Ga ɗan kallon Amurka wannan ya taɓa abin da yake girmamawa. Ga Bafaranshe ko Bajamushe kuwa, wanda yammacin Amurka bai zama tarihin kakanninsa ba, dabara ce ta fasaha wadda ta ƙara wa ramuwar nauyi, tun da yake gwargwadon munin gayya gwargwadon zafin ramuwarta.

4.3 Datse Fim

Ya kamata a lura cewa ba abu ɗaya ɓangarorin biyu suka kalla ba. Da aka saki fim ɗin a Amurka a 1969, Paramount ya datse kimanin minti 20 daga cikinsa, har da fitowar da Jill da Cheyenne da mai sarewa suka fara haɗuwa a wani zango, da kuma mutuwar Cheyenne. An yi haka ne don a rage nawa, amma sai zaren labarin ya tsinke, nawar kuma ba ta gushe ba. A Faransa an sayar da tikiti fiye da miliyan 14, wanda ya sa shi kan gaba a finafinan 1969 a ƙasar, a Jamus ta Yamma kuma kimanin miliyan 13. Sai a 1984 aka sake sakin cikakkensa a Amurka, ra'ayi ya ci gaba da juyawa, har a 2009 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar finafinan da ake adanawa saboda darajarsu.

4.4 Tasirin Suna

Wannan batu ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Sunan fim ɗin na Italiyanci mabuɗin tatsuniya ne, kwatankwacin "ga ta nan ga ta nanku" a Hausa, kuma ma'anarsa ita ce a da can an yi wani abu wai shi Yamma. Watau yana shirya ɗan kallo ga labarin zamanin da ya shuɗe, wanda jirgin ƙasa ya kawo ƙarshensa. Jamusawa kuwa suka sa masa Spiel mir das Lied vom Tod, wanda ke nufin a busa mini waƙar mutuwa. Wannan suna ya jawo hankali kacokan ga sarewa da ramuwa. Ta haka mai fassara ya zaɓa wa jama'arsa jigon da za su nema tun kafin a kashe fitila.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma a kan wannan zafi finafinan kaboyi na Italiya suka dogara. Abin da ya bambanta fim ɗin 1968 shi ne bai bar ɗan kallo ya yi murna da ramuwar ba. Mai sarewa bai sami dukiya ko iyali ba. Da ya gama aikinsa sai ya hau dokinsa ya tafi, aka rufe da Jill tana raba wa leburorin hanyar jirgi ruwa. Wanda ya shiga don ya ga an rama cikin hanzari ya fito da ƙorafi, wanda kuma ya yarda ya jira ya fito da yabo. Darasin da ke ciki ga mai nazarin adabi shi ne, kafin a kafa hujja da ra'ayin 'yan kallo, wajibi ne a tantance wane kwafi suka gani, da wane suna aka tallata musu shi, da kuma abin da suka saba gani kafin ranar.