Hanyar da mota ba ta bi: daga bakin kanal na Faransa zuwa burtalin Dakoro

Kwanan baya wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyin mutanen Dakoro ta WhatsApp. Wani ɗan nan da ke zaune Faransa ne bisa keke, ruwa a damansa, manyan itatuwa a hagunsa, yana ta tafiya babu mota ko ɗaya, babu ƙura. Masu saurare da dama sun tambaye mu, wai wace irin hanya ce wannan, kuma ina motocin suka shiga? Wani dattijo ma cewa ya yi ƙila direbobin ƙasar yajin aiki suke.

To ba yajin aiki ba ne, Baba. Hanya ce da doka ta hana wa mota. Can suna ce mata voie verte, wato koriyar hanya, kuma tun 2004 dokar hanya ta Faransa ta bayyana ta a matsayin hanyar da aka keɓe wa masu keke, masu tafiya a ƙasa da mahaya doki. Faɗinta yakan kai kamar mita 3 ko fiye. Ana kafa ginshiƙai a bakinta yadda keke zai wuce amma mota ba za ta iya kutsawa ba.

Ruwan da kuka gani kuwa ba gulbi ba ne, kanal ne, mutane suka haƙa shi da hannu. Wanda ya fi suna shi ne Canal du Midi a kudancin Faransa, mai tsawon kilomita 240, daga birnin Tuluz zuwa gaɓar Bahar Rum. Wani mutum mai suna Pierre-Paul Riquet ya jagoranci aikin zamanin sarki Luwi na 14. An buɗe shi a 1681, shi kuwa Riquet ya rasu a 1680, bai ga kammala aikin ba. Lokacin jiragen kaya ba su da inji, dawaki ke jan su da igiya daga bakin ruwa, shi ya sa aka bar ƴar hanya a gefen kanal ɗin tun daga farko har ƙarshe. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, dawakin suka tafi, hanyarsu ta saura. Ita ce masu keke suka gada. Daɗinta shi ne kusan ba hawa ba gangara, saboda haka tsoho da yaro duk suna iya yini suna tuƙi, su kwana wani ƙauye, gobe su ci gaba. Masu gidajen baƙi da masu abinci na ƙauyukan suna samun na cefane da su. Amma kada bidiyo ya ruɗe ku, ba ko'ina aka zuba kwalta ba, akwai wuraren da ƙasa ce da saiwoyi. Kuma itatuwan nan masu inuwa, da suka kai kimanin 42,000, wata cuta ta kama su tun 2006, an sare dubbai ana dasa wasu.

A Ingila ma haka, sai dai can tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce tsakanin Biristol da Bat masu aikin sa kai suka mayar ta keke daga 1979.

Mu nan fa? Kanal dai ba mu da shi a Dakoro. Sai ka gangara Jiratawa, kudu da Maradi, kafin ka ga ruwa na gudu cikin kanal na noman rani, shi ma gajere ne, ba na yawon kwanaki ba. Amma hanyar da aka keɓe, wadda ba don mota aka yi ta ba, wadda doka ke karewa, wannan kam muna da ita tun kafin a haifi kakanninmu: burtali.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakoro ya san dalili. Mu ne ke kan iyaka, kudu gonakin hatsi, arewa makiyaya. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja layin da noma bai kamata ya ƙetare ba ta arewa, kuma kwarin Tarka yana nan wajen. Da faɗuwar damina garkunan shanu, raƙuma da tumaki su haura arewa, bayan girbi su gangaro. Tilas su ratsa tsakanin gonaki, burtali ne ƙofarsu. Dokar karkara ta 1993, wadda aka fi sani da Code Rural, ta kafa kwamitocin filaye da muke ce wa COFO, daga na ƙauye zuwa na kwamin har na gunduma. Sai dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, burtali kuma dukiyar ƙasa ce, ba ta wani ba, ba a noma shi, ba a sayar da shi. Turakun siminti da kuke gani jere a bakin wasu burtulla, aikinsu ɗaya da ginshiƙan da ke cikin bidiyon nan.

Bambancin shi ne su can hanyarsu ba ta raguwa. Tamu kuwa kowace damina sai an ɗan ci gefenta. Wannan ya ƙara kunya biyu, maƙwabcinsa ya ga ba a ce komai ba shi ma ya ƙara uku, bayan shekara goma inda garke ke wucewa a sake ya koma sai saniya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ɓarna, daga ɓarna sai sanda. Mutanen jahar Maradi ba su manta abin da ya faru a Toda a watan Oktoba 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100. Allah kada ya maimaita mana. Kuma ba makiyayi kaɗai ke asara ba in burtali ya toshe. Mai amalanke da ke kai mara lafiya likita ta nan yake bi. Mata masu zuwa rijiya ta nan suke bi. Yaron da ke zuwa lakwal a ƙauyen gaba, in babu burtali, sai ya fito bakin kwaltar Maradi zuwa Dakoro, mai kimanin kilomita 120, inda ranar kasuwa motocin dabbobi da ƴan kabu-kabu ba su ɗaga wa mai keke ƙafa.

Yanzu tambayar samari: ana iya yawon keke cikin burtali kamar yadda ɗan uwanmu ke yi can? Gaskiya ana iyawa, amma da wahala, kuma ba ko'ina ba. Babban abokin gaba yashi ne. Kofaton dabbobi ya riga ya tone shi, siririyar taya nutsewa take yi, sai ka sauka ka tura. Masu gyaran keke sun san dabarar: taya mai faɗi, a rage mata iska kaɗan don ta baje bisa yashi, a bi gefe inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Sai dai gefen nan ne gidan ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa ba su san taya sabuwa ba, ƙarangiya kuma ta ishi ƙafar wando. Wanda ya fita babu famfo da kayan faci, to ya shirya dawowa da keke a kafaɗa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabarairu, a fita da sassafe kafin iska ta taso, da ruwan sha wadatacce. In an yi ruwa da dare yashi kan daskare ya yi daɗin tuƙi, amma damina lokacin masu hanya ne.

Wannan maganar ta ƙarshe a riƙe ta da kyau. A burtali mai keke baƙo ne. Ka hango garke, ka sauka, ka koma gefe, ka yi sallama, kada ka buga ƙararrawa cikin shanu. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba, karen makiyayi ma haka. Kuma kada don gudun yashi ka faɗa gonar mutane kafin hukuma ta sanar da sakin gonaki.

Wurin zuwa ba ya ƙaranci. Ga Birnin Lalle nan kusa, tsohuwar mazaunin Gobirawa, yaranmu da yawa sun karanta sunanta a lakwal ba su taɓa taka ta ba. Masu ƙarfin ƙafa kuma suna mafarkin Gadabeji, gandun dajin da aka keɓe tun 1955, mai hekta dubu 76, wanda UNESCO ta sa cikin jerin wurarenta a 2017, aka kuma kawo masa raƙuman dawa 8 daga Kure a ƙarshen 2018. Wannan tafiya ce mai nisa cikin yashi, ba a yin ta mutum ɗaya, ba a yin ta da dare, sai an tambayi halin da hanya ke ciki, kuma ba a shiga gandun sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Ƴan uwa na ƙetare da ke tambaya ko su aiko wa ƙannensu keke, ku aiko, amma mai faɗin taya, ba irin siririn nan na tsere ba, ku haɗo da faci. Wanda kuma ya ga an tumɓuke turken burtali ko an shuka cikinsa a ƙauyensu, ya fara sanar da mai gari da COFO ta ƙauye tun shuka ba ta yi tsawo ba.